Umaru Ganda: tsohon sojan da ya ɗaga sunan Nijar a silima ba tare da asusun gwamnati ba

A shekarar 1972 aka fara bayar da babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na FESPACO a birnin Wagadugu, kyautar da ake kira Étalon de Yennenga. Wanda ya fara ɗaukarta ɗan Nijar ne, Umaru Ganda, wanda Faransawa ke rubuta sunansa Oumarou Ganda. Karatunsa na boko bai wuce firamare ba, ya yi soja, ya yi dako a tashar jiragen ruwa, kuma bai taɓa zama a wata jami'ar koyon fim ba. Tun daga wannan shekara har yau babu wani fim na Nijar da ya sake ciyo wannan kyauta. Wanda ke son sanin dalili, to ya bi tarihin mutumin, domin a cikinsa ake ganin wanda ya biya kuɗin fina-finan Nijar na farko, da wanda ya riƙe gidajen silima, da abin da gwamnati ta yi da wanda ta bari.

Daga Yamai zuwa fagen yaƙi

An haifi Umaru Ganda a Yamai a shekarar 1935, a gidan Zabarmawa, lokacin da Nijar ke ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa. Shekara guda kafin haihuwarsa, a 1934, Faransa ta kafa wata doka da ake kira dokar Laval, wadda ta ce ba mai ɗaukar fim a ƙasashen da take mulka a Afirka sai da izinin gwamna, bayan an duba labarin da mutanen da za su yi aikin. A aikace dokar ta toshe wa 'yan ƙasa hanyar riƙe kyamara. Shi ya sa ɗaliban Afirka da suka yi fim ɗin Afrique-sur-Seine a 1955 suka ɗauke shi a birnin Paris, tun da ba a ba su izinin yi a gida ba.

Ganda ya gama firamare a Yamai, sannan a 1951, yana da shekara 16, ya shiga sojan Faransa. Aka tura shi Indoshin, yankin da ya haɗa Biyetnam da Lawos da Kambodiya, inda Faransa ke yaƙi da mayaƙan neman 'yanci. Ya yi kimanin shekara biyu a can. Faransa ta sha kashi a Dien Bien Phu a 1954, shi kuma ya ajiye kaki a 1955 ya dawo gida. Kamar sauran mazan jiya da yawa, ya tarar babu aikin da ke jiransa. Sai ya bi hanyar da dubban matasan Nijar, Hausawa da Zabarmawa, suke bi a lokacin, wato gangarawa kudu zuwa bakin teku neman kuɗi. Ya sauka Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa, ya zauna a unguwar Treichville, ya shiga dako a tashar jiragen ruwa.

Haɗuwa da Jean Rouch

A Abijan ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen nan injiniya da ya koma nazarin al'adu da ɗaukar fim, wanda ya daɗe yana aiki a Nijar. Rouch na gudanar da bincike kan 'yan ci-rani da ke sauka garuruwan bakin teku, sai ya ɗauki Ganda aikin tattara bayanai da alƙaluma. Daga nan ya sa shi a fim ɗin Moi, un Noir, wanda aka ɗauka a Treichville a 1957. Ganda ya fito a matsayin ɗan dako mai laƙabin Edward G. Robinson, sunan wani tauraron fina-finan Amurka, domin samarin unguwar sun saba ɗaukar sunayen jaruman da suke gani a silima.

An ɗauki hotunan ba tare da murya ba. Daga baya aka zaunar da Ganda yana kallo yana magana, yana faɗin abin da ke ransa game da yunwa da aikin yini da 'yan mata da mafarkin zama ɗan dambe. A ƙarshen fim ɗin ya ba da labarin yaƙin Indoshin yana kwaikwayon yadda ake harbi da yadda ake kwanciya a ƙasa. Fim ɗin ya ci kyautar Louis-Delluc a Faransa a 1958, kuma matasan masu shirya fim na can, irin su Jean-Luc Godard, sun yaba shi ƙwarai. Sai dai suna da kyauta duk na Rouch ne. Muryar da rayuwar na Ganda ne, amma kyamara da almakashin tacewa suna hannun wani. Ganda bai gamsu da yadda aka nuna rayuwarsa a wasu wurare ba, kuma wannan na cikin abin da ya sa ya ƙudurta ba da labarinsa da kansa.

Wa ke biyan kuɗin fim?

Nijar ta samu 'yancin kai ranar 3 ga Agusta 1960 ƙarƙashin shugaba Diori Hamani. Sabuwar ƙasar na fama da ƙarancin makarantu da asibitoci da hanyoyi, kasafin kuɗinta kuma ya dogara da gyaɗa da dabbobi da taimakon Faransa. Fim bai samu gurbi a wannan kasafi ba. Inda matashi zai taɓa kyamara a Yamai shi ne Cibiyar Al'adu ta Faransa da Nijar, wadda aka kafa a 1963. A can aka kafa ƙungiyar masu sha'awar silima, Faransawa ma'aikatan taimako suna koyar da ɗaukar hoto da sauti da tacewa. Ganda, wanda ya dawo gida yana aikin taimakon masu ɗaukar fim, ya shiga cikinsu. Mustafa Alasan ya riga shi fitar da fim da Aouré a 1962, sannan Le Retour d'un aventurier a 1966.

A wannan shekarar ta 1963 ne ma'aikatar Faransa mai kula da taimaka wa ƙasashen da ta yi wa mulki ta buɗe ofishin silima a Paris, ƙarƙashin Jean-René Debrix. Tsarin ofishin mai sauƙin fahimta ne. Yakan sayi haƙƙin nuna fim a wuraren da ba na kasuwa ba, kamar cibiyoyin al'adun Faransa da makarantu, wani lokaci tun kafin a gama fim ɗin, sai mai fim ya yi amfani da kuɗin wajen kammala aikinsa. Ofishin na da ɗakunan tacewa da ma'aikata, kuma a Faransa ake wanke fim ɗin, domin babu wurin wankewa a Yamai. Daga 1963 zuwa 1975 an yi fina-finai 185, gajeru da dogaye, a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, kuma 125 daga ciki da taimakon wannan ma'aikata aka yi su. Fina-finan Nijar na farko ta wannan ƙofa suka bi.

Taimakon ya yi amfani, domin ba don shi ba da yawancin waɗannan fina-finai ba su samu ba. Amma yana da nasa sharaɗi. Ofishin ne ke zaɓen labarin da zai tallafa wa, kuma ya ƙi labarin La Noire de... na Usman Sambene ɗan Senegal, wanda ke sukar yadda Faransawa ke riƙe 'yan aikin gida baƙar fata, sai bayan an gama fim ɗin ya sayi haƙƙin nunawa. Sannan kuɗin ba shi da yawa, don haka akasarin fina-finan a kan faifai mai faɗin milimita 16 ake ɗaukarsu, alhali injinan gidajen silima na kasuwa na milimita 35 ne.

Gidajen silima kuwa suna hannun kamfanoni biyu na Faransawa, COMACICO da SECMA, waɗanda suka mamaye rarraba fina-finai a ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya masu amfani da Faransanci. Su ke kawo fina-finan kaboyi na Amurka da na Indiya da na Masar da na Faransa, waɗanda sun riga sun mayar da kuɗinsu a wasu ƙasashe, don haka da araha ake samunsu. Fim ɗin ɗan ƙasa ba shi da gurbi a jadawalinsu. Sakamakon shi ne, mai kallo a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram yana biyan kuɗin tikiti kowane dare, amma ko sisi daga ciki ba ya komawa ga mai shirya fim na ƙasarsa.

Cabascabo da kyautar Wagadugu

A 1968 cibiyar al'adun ta shirya gasar rubuta labarin fim, Ganda ya shiga da labarin Cabascabo. Ya ɗauke shi da Zabarmanci, baƙi da fari, tsawon minti 45, shi ne mai ba da umarni kuma shi ne jarumi. Labarin wani soja ne da ya dawo daga Indoshin da kuɗin sallama a aljihu. Abokai da maroƙa da mata suka yi masa caa, yana ba su labarin yaƙi yana rabon kuɗi. Da aljihu ya bushe kowa ya watse, neman aiki ya zama wulaƙanci ga mutumin da jiya ake yi wa kirari, daga ƙarshe ya juya wa birni baya ya nufi karkara. Duk wanda ya tashi a gidan da ke da tsohon soja ko ɗan ci-rani ya san wannan labari. An zaɓi fim ɗin a sashen masu sharhi na bikin Cannes a 1969, kuma an karrama shi a bikin fina-finai na Mosko a wannan shekarar.

Fim na biyu, Le Wazzou polygame, ya fito a 1970, mai launi. Kalmar wazzou ita ce wa'azi da Hausawa suka sani. Wani alhaji ne ya dawo daga Makka, yana da mata biyu, ya ɗora ido kan wata budurwa mai suna Satu wadda ke da saurayinta. Iyaye suka ga dukiya da rawani suka ba shi. Kishi ya sa matarsa ta biyu ta shirya kashe amarya a daren biki, sai ta kashe ƙawar amarya bisa kuskure. Ganda ya nufi masu fakewa da addini ne don biyan buƙatar kansu, da iyayen da ke sayar da 'ya'yansu da sunan aure. Zalika Sule, wadda ta fito a matsayin kishiyar, ta sha tsangwama a gari saboda irin rawar da take takawa a fina-finai, kamar yadda Rahmatu Keita ta nuna daga baya a fim ɗinta Al'lèèssi.

Ba banza ba a Wagadugu aka ba da kyautar. A 1970 gwamnatin Haute-Volta, wato Burkina Faso ta yau, ta karɓe gidajen silima daga hannun COMACICO da SECMA, ta kafa kamfanin ƙasa mai suna SONAVOCI. Kamfanonin biyu suka daina ba ta fina-finai na wani lokaci don su durƙusar da ita, amma ta jure. Ta ware wani kaso na kuɗin tikiti ta zuba a asusun shirya fina-finai, kuma a farkon 1972 ta mayar da bikin da aka fara a 1969 ya zama hukumar gwamnati mai kasafinta. A wancan lokacin Nijar ta fi maƙwabciyarta gwanayen shirya fim, Haute-Volta kuwa ta fi ta tsari. Shekaru ashirin bayan haka, Burkina Faso na da Gaston Kaboré da Idrissa Ouédraogo suna cin kyaututtuka a duniya, silimar Nijar kuma ta yi sanyi.

Ganda ya ci gaba da Saïtane a 1972, labarin wani malamin tsibbu da ke shiga tsakanin matar aure da wani mai kuɗi, yana karɓar lada yana fakewa da allo da carbi, har asirinsa ya tonu. Damure Zika, abokin aikin Rouch na shekaru masu yawa, na cikin waɗanda suka fito a ciki. Fina-finan nan uku duk ba su kai tsawon fim ɗin da gidajen silima ke so ba, kuma wannan tsawo ne da ƙarfin aljihu ya yanke.

Zamanin Kunce da kuɗin yuraniyom

Ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji suka kifar da Diori, Seyni Kunce ya hau mulki. Gwamnatinsa ta zo daidai da hauhawar kuɗin yuraniyom na Arlit, kuma ta zuba kuɗi a harkar al'adu da wasanni fiye da wadda ta gabace ta. Ta farfaɗo da ƙungiyoyin samariya. A 1975 aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, wadda har yau ita ce wasan da ya fi tara 'yan Nijar. Aka kafa bikin matasa na ƙasa da ke zagaya jihohi, inda ƙungiyoyi ke gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. Wasan kwaikwayo da Hausa da Zabarmanci ya samu gida a rediyo, sannan a talabijin ɗin ƙasa, inda irin su Yazi Dogo suka yi suna.

Abin lura shi ne irin abubuwan da gwamnati ta zaɓa. Kokawa da wasan dandali ba su buƙatar a aika komai Paris, kuɗinsu kaɗan ne, kuma suna isar da saƙon haɗin kan ƙasa da na ayyukan raya karkara kai tsaye. Fim kuwa yana cin kuɗin waje, yana ɗaukar shekaru, kuma mai shi yana iya taɓo alhaji ko malami ko ma'aikacin gwamnati. Masu shirya fim sukan samu taimako jefi-jefi, ko aikin ɗaukar wani taro, amma ba a kafa asusun dindindin mai doka da ke cin kaso daga tikiti irin na Wagadugu ba. Tsakanin Saïtane da babban fim ɗinsa na gaba, Ganda ya yi shekara takwas yana gajerun ayyuka. A ƙetaren iyaka ma haka abin yake: gwamnatin tarayyar Najeriya ta ɗauki nauyin fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu a 1976, bisa littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, amma hakan bai zama tsarin da ke haifar da fim ɗin Hausa kowace shekara ba.

Zuwa ƙarshen shekarun 1970 ofishin silima na Paris ya dakatar da tallafinsa. Ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci suka yi yunƙurin tsayawa da ƙafafunsu, suka kafa hukumomi biyu a Wagadugu: CIDC don rarraba fina-finai, da CIPROFILM don shirya su, da niyyar ribar ta farko ta ciyar da ta biyu. Ɗan Nijar ne, Inusa Usaini, aka ba shugabancin aikin. Tunanin daidai yake da abin da masu fim suka daɗe suna nema.

L'Exilé da rasuwarsa

A 1980 Ganda ya fitar da L'Exilé, fim ɗinsa mafi tsawo. Wani jakada ne da ke gudun hijira a Turai yake ba abokansa tatsuniya. Sarki ya ji wasu samari biyu 'yan'uwa suna cewa za su ba da kawunansu in an aura musu 'ya'yansa mata. Ya aura musu, bayan shekara ya nemi a cika alkawari. Ɗaya ya miƙa wuya, ɗayan ya gudu, kuma duk inda ya je maganar da ya furta na biye da shi. Jigon fim ɗin shi ne nauyin magana a bakin mutum, musamman a bakin mai mulki, abin da Bahaushe ke nufi da cewa alkawari kaya ne. Ya yi wannan fim a lokacin da juyin mulki da karya alkawari suka zama ruwan dare a nahiyar.

Ranar 1 ga Janairu 1981 ciwon zuciya ya yi ajalinsa, yana da shekara 45, yana tsakiyar wani aikin fim. Gwamnati ta sa sunansa a babbar cibiyar al'adu ta Yamai, wadda kowa ke kira CCOG, mai fili na wasanni da ɗakin karatu. FESPACO ta ƙirƙiro kyautar Oumarou Ganda, wadda ake ba mai shirya fim da ya fi kowa a fim ɗinsa dogo na farko.

A watan Maris na 1982 masu shirya fim da masu sharhi da jami'an gwamnatoci suka taru a Yamai, suka fitar da sanarwar da ake kira Sanarwar Yamai. Sun nemi kowace ƙasa ta kafa cibiyar silima ta ƙasa, ta sa ido kan sayar da tikiti, ta mayar da harajin da take karɓa daga gidajen silima cikin shirya fina-finai, ta haɗa talabijin da masu fim, ta kuma jawo 'yan kasuwa su zuba jari. A wannan shekarar gidan rediyo da talabijin na Nijar ya fitar da Si les cavaliers na Mahaman Bakabe, kan yunƙurin tawaye ga Faransawa a Damagaram a 1906, abin da ya nuna me hukuma za ta iya in ta so. Amma farashin yuraniyom ya faɗi, bashi ya danne ƙasa, aka shiga tsuke bakin aljihu. CIDC ta durƙushe a tsakiyar shekarun 1980 saboda ƙasashe ba su biya kasonsu ba. Gidajen silima suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya da zuwan bidiyo. Sai a 2008 Nijar ta kafa cibiyar silima ta ƙasa, shekara 26 bayan sanarwar da aka rubuta a babban birninta.

Abin da ya rage

Gurbin da aka bari, fina-finan Kano ne suka cike shi. Tun daga 1990 'yan kasuwa da matasa suka kafa sana'ar fim ɗin Hausa da kuɗin aljihunsu da na masu sayen kaset, ba tare da jiran Paris ko wata ma'aikata ba. Yau ana kallonsu a zangon Kumasi da Akara, a Garwa da Yawunde, a Injamena da garuruwan Sudan. Sun warware matsalar da ta fi damun Ganda, wato isa ga mai kallo. Sai dai kasuwa na biyan abin da zai sayu da sauri ne, ba ta adana tsohon fim, ba ta gina makarantar koyon sana'a, kuma da wuya ta ɗauki nauyin labari irin na tsohon sojan da ya dawo ya rasa abin yi. Yawancin matasan da ke wucewa ta gaban CCOG sun san sunan, amma ba su taɓa ganin Cabascabo ba.

Tsohuwar hanyar ma ta ƙara tsukewa. Jean Rouch ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, aka sa sunansa a cibiyar al'adun da Ganda ya koyi aiki a cikinta. A 2024 hukumomin Nijar suka sauya mata suna zuwa na Mustafa Alasan, bayan ɓacin dangantaka da Faransa, kuma a 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wadda ke da asusun tallafa wa fina-finai. Sauya suna abu ne na rana ɗaya. Abin da masu fim suka nema a Yamai a 1982 shi ne doka da asusu da ake zuba wa kuɗi kowace shekara, da wurin ajiye fina-finan da aka riga aka yi, da allon da za a nuna su. Umaru Ganda ya yi manyan fina-finai huɗu cikin shekara goma sha biyu ba tare da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Matasan da ke riƙe da kyamara yau a Yamai da Maraɗi da Damagaram suna jiran a ga ko ƙasar da ta sa sunansa a bango za ta sa sana'arsa a kasafin kuɗi.